Gidan Zuwaira a Gindin Mbula

Ran Laraba ta same ni a rumfata ta Dass,
ina goge ƙyaure, ta miƙo mini waya.
Shekara sha tara tana jinya a Sikotlan,
ta dawo da ciwon gwiwa da hoto guda:
gidan gungume, an jera su a kwance
kamar rake a bayan akori-kura,
rufi mai tsini, tafki a ƙarƙashinsa,
bututu a ka yana fitar da hayaƙi.

Ta ce, "Tanimu, irinsa nake so."
Na ce, "Hajiya, gara ba ta kallon hoto.
Itacen can, sanyi ne maigadinsa.
Na nan, ki kwantar da shi da magariba,
da asuba baƙi sun shigo ta ƙasa ba sallama."

Ta yi dariya, ba ta ja da baya ba.
Wadda ta saba lallashin mai ƙin magani,
kafinta ne zai gajiyar da ita?

Sai muka zauna ciniki, ba na kuɗi ba.
Na ce dutse zai fara, har zuwa ƙugu,
dutsen nan namu da ya ga kakanninmu.
Ta ce to, amma kar a sare maɗaci mai rai.
Muka sayo itacen turare na shuka,
ya sha baƙin mai har ya ƙoshi.
Azara kuwa giginya ce,
wadda gara ke karya haƙori a kanta.

Ta so tagar gilashi ta fuskanci yamma
don ta ga rana na faɗawa bayan Mbula.
Na ce, "La'asar za ta toya ki kamar masa a tanda."
Muka juya tagar arewa,
muka ja wa rufi dogon baki, inuwa ta samu wurin zama.

Kawunta Barau ya duba zanen, ya juya shi,
ya ce, "Ina zaure?
Baƙo zai faɗo falo kamar ƙadangare?"
Ta yi shiru. Nisa ya mantar da ita.
Washegari na buga turaku, na ja igiya,
zaure ya tsaya gaban gidan Turawa
kamar dattijo ya yi wa jika rakiya.

Sola a rufi, tanki a bayan kicin,
famfo mai ruwan ɗumi saboda gwiwar,
ƙarfen dafawa a bangon banɗaki,
ba matakala ko ɗaya daga ƙofa har gado.
Waɗannan ban yi musu ba, ita ta san jiki.

Bututun ne muka yi mako uku a kansa.
Na ce asarar siminti, sanyinmu bai kai ba.
Ta ce akwai tsohuwar da ta yi jinya a can,
kullum dare sai ta hura mata wuta,
ta zauna gefe, ba mai ce wa kowa komai,
a cikin garwashin nan take ganin murhun Innarta.
"Can na yi kewar nan, Tanimu.
Na san nan ma zan yi kewar can."

Na ɗauki awo, ban ƙara magana ba.

Yanzu in ruwan Agusta ya tsuge,
yaran maƙwabta kan cika falon da masara,
suna gasawa a murhun da na ce ba shi da amfani.
Bargonta mai gidan dara na kan kujera,
gwadon Innarta a ninke kusa da shi.

Ni dai duk wata sai na bi ta wajen,
in ƙwanƙwasa gungume ɗaya bayan ɗaya,
in kara kunne.
Ta leƙo ta taga: "Sun iso ne?"
In ce, "Tukuna, Hajiya. A ɗora shayi."